Kwamfutar Aljihu Kafin Zuwan Babbar Waya



 An nemi in yi magana a kan wata na'ura wadda galibin ɗaliban da ke zauren nan ba su taɓa riƙewa ba, ko da yake jikarta na cikin aljihun kowannenku. Ana kiran ta PDA, wato 'yar kwamfutar hannu mai taimaka wa mutum tsara harkokinsa. Wasunku sun ji sunan a 2023, lokacin da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke shirin ƙidayar jama'a da aka sa wa ranar 3 ga Mayu kafin a ɗage ta, domin da wannan sunan hukumar ke kiran na'urorin da za a raba wa ma'aikatan ƙidaya. To sunan tsoho ne. John Sculley, shugaban kamfanin Apple na wancan lokaci, shi ya fito da shi a watan Janairun 1992, a wani baje kolin kayan lantarki a Amurka.

Tarihin kamfanoni zan taɓa shi ne kawai gwargwadon buƙata. Abin da na fi so mu duba shi ne yadda aka yi zama da na'urar yau da gobe: me mutum ke yi da ita in gari ya waye, ina take sauƙaƙa masa, ina take ba shi haushi. Masu koyon ƙirƙirar manhaja a cikinku za su fi ƙaruwa da wannan fiye da jerin shekaru.

Mu fara da abin da ta zo ta tarar. Ma'aikaci a da yana da dayari, irin wanda bankuna da kamfanoni ke rabawa a farkon shekara, da ɗan littafin adireshi, da guntayen takardu a aljihun riga waɗanda sau da yawa mai wanki ke gamawa da su. Shekara ta ƙare, sai a zauna a kwashe lambobi daga tsohon dayari zuwa sabo. In aka ɗaga taro, a soke a sake rubutawa, har shafi ya koma ba ya karantuwa. Amma takarda tana da abin da ba a raina ta a kai: ba ta jiran a kunna ta, ba ta neman batir, kuma kowa ya iya ta. Duk na'urar da ke son shiga aljihun mutum sai ta kayar da takarda tukuna.

Kamfanin Psion na Ingila ya fara gwadawa a 1984 da wata na'ura mai nuna rubutu layi ɗaya tak, maɓallanta a jere bisa tsarin abacada. Daga baya ya yi masu buɗewa da rufewa, da ƙananan maɓallan bugun rubutu, a 1991 da 1997, kuma sun samu masoya sosai a Turai. Apple ya shigo da ƙarfinsa a 1993 da Newton, a kan kusan dala 700, da alkawarin cewa ka rubuta da hannunka yadda ka saba, na'ura za ta karanta ta mayar da shi rubutun bugu. Alkawarin ya fi ƙarfinta. Mutum ya rubuta sunan abokinsa, ta fito masa da wata kalma dabam. Mai zanen barkwanci Garry Trudeau ya shafe kwanaki yana yi mata ba'a a jaridun Amurka, kuma ko da aka gyara matsalar a samfuran baya, sunan ya riga ya ɓaci. Ga shi kuma ta yi wa aljihun riga girma. Steve Jobs na Apple ya dakatar da ita a 1998.

Wanda ya gano bakin zaren shi ne Jeff Hawkins, wanda ya kafa kamfanin Palm a 1992. Shi ma ya sha ƙasa da farko, da wata na'ura mai suna Zoomer da aka yi tare da Casio da Tandy, mai tsada, mai nawa, wadda aka ɗora wa ayyuka barkatai. Abin da ya yi bayan nan ya shahara. Ya yanko katako daidai girman aljihun rigarsa, ya manna masa takarda mai zanen allo da maɓallai, ya feƙe tsinken cin abinci ya zama alƙalami, ya riƙa yawo da shi. In aka ce da shi a haɗu ranar kaza, sai ya zaro katakon ya yi kamar yana dubawa. Yana so ya gane ne waɗanne ayyuka hannunsa zai riƙa kaiwa gare su da gaske, waɗanne kuma ado ne kawai. Abin da ya rage bayan wannan tankaɗe abu huɗu ne: kalandar alkawura, littafin adireshi, jerin ayyukan da ke jira, da wurin ajiye ɗan rubutu.

Na'urar da Palm ya ƙera a kan wannan tsari, Pilot, ta fito a 1996 a kan dala 299. Ma'ajiyarta kilobayit 128 ce, wato ko hoto ɗaya na wayoyinku ba zai shiga ba. Allonta toka-toka ne, ɗigo 160 a tsaye 160 a kwance, babu launi, ta farkon ma babu fitila, sai a 1997 aka sa mata wani koren haske na dare. Ƙananan batura biyu take ci, irin na rimot. Duk da haka an sayar da sama da miliyan ɗaya cikin wata 18 na farko.

To yaya ake yini da ita? A ƙasan allo akwai maɓallai huɗu, kowanne da aikinsa cikin huɗun nan. Ko na'urar a kashe take, kana danna na kalanda sai ta farka a kan ranar yau, da alkawuranka jere bisa sa'o'i. Babu jira, babu wani tambari da zai tsaya yana juyawa. Wannan ƙaramin abu shi ne rabin nasararta, domin kwamfutocin tebur na lokacin sai ka kunna ka je ka haɗa shayi ka dawo. Masu tsara ta, musamman wani mai suna Rob Haitani, sun riƙa ƙirga sau nawa mutum zai taɓa allo kafin ya kai ga abin da yake nema, abin da ake yawan yi a kawo shi kusa, wanda ba a cika yi ba a tura shi can ciki. Haka kuma babu maɓallin adanawa. Ka rubuta, ka mayar aljihu, ya zauna. Ana tsakiyar magana wani ya ba ka lamba, kafin ya rufe baki ka shigar.

Rubutun kuwa, nan ne Hawkins ya juya lissafin Newton. Tunda na'ura ta kasa koyon rubutun mutane, sai mutane su koyi nata. Aka ƙirƙiro wani salon haruffa mai suna Graffiti, inda kusan kowane harafi ake yin sa da zane ɗaya ba tare da ɗaga alƙalami ba. Harafin A kamar yadda kuka san shi ne amma babu sandar tsakiya. T kamar lamba 7 yake. In kana son tazara ka ja layi daga hagu zuwa dama, in gogewa ce ka ja daga dama zuwa hagu, babban baƙi kuma ka fara jan layi sama. Ba a kan allon ake rubutun ba, akwai ɗan fili a ƙasansa, haruffa a ɓangaren hagu, lambobi a dama, kuma harafi kan harafi ake yi a wuri guda, don haka gwani yana iya rubutu idonsa na kan mai magana. An haɗo ta da takardar mannawa mai nuna zanen haruffan, da wani wasa mai suna Giraffe inda haruffa ke faɗowa daga sama, sai ka rubuta kowanne kafin ya kai ƙasa. Cikin 'yan kwanaki hannu ya faɗa. Har ta kai masu amfani da ita kan tsinci kansu suna rubuta A marar sanda a kan takarda ko allon aji. Masana da yawa sun ɗauka mutane ba za su yarda su koyi sabon rubutu saboda na'ura ba. Sun yarda, domin wahalar ta ɗan lokaci ce, kuma bayan ta na'urar ba ta ba su kunya. Da rikicin shari'a da kamfanin Xerox ya sa aka canja salon a 2003, wasu haruffa suka koma zane biyu, tsofaffin masu amfani da ita sun yi ta gunaguni, hannu ya riga ya saba.

Alƙalamin nan na roba, mai shiga wani rami a jikin na'urar, shi ne abin da aka fi zubarwa a duniyar PDA. Ana sayar da shi uku-uku saboda an san halin. In ya ɓace, murfin biro ko farce ko tsinken ashana su ne madadi. Filin rubutun yakan goge saboda yawan karta, sai mutane su manna masa salatif. Lokaci-lokaci allon yakan karkace, ka taɓa nan ya amsa can, sai ka sake saita shi ta hanyar taɓa wasu alamu a kusurwoyi. In na'urar ta sandare, akwai ɗan ƙaramin rami a bayanta da ake zura kan kilif ɗin takarda a farfaɗo da ita. Allon kuma gilashi ne, wanda ya manta ta a aljihun baya ya zauna, ya gama.

Yanzu ga wurin da nake so ku saurara da kyau, wato batun batir da kwafi. A samfuran farko, duk bayananka suna zaune ne a ma'ajiyar da wuta ke riƙe da ita. Batura biyun nan suna kai makonni, wani lokaci fiye da wata, abin da babu wayar zamani da za ta yi. Amma in ka zo canja su, kusan minti ɗaya kake da shi. In ka jefa ta a durowa ka yi doguwar tafiya har batura suka mutu murus, ka dawo ka tarar da ita fayau kamar ranar da aka sayo ta. Sai wajen 2004 aka fara yin samfuran da ba sa mantuwa in wuta ta ƙare. Maganin wannan shi ne wani ɗan mazauni da ake jona wa kwamfutar tebur da waya. Ka dawo gida ko ofis, ka ɗora na'urar a kai, ka danna maɓalli ɗaya tilo da ke jikinsa, ta yi ɗan kiɗa, shi ke nan abin da ka rubuta a hanya ya shiga kwamfuta, wanda sakatare ya shigar a kwamfuta ya shigo aljihunka. Sunan wannan aiki HotSync. In an gyara abu guda a ɓangarorin biyu, sai ta ajiye maka duka ka zaɓa, shi ya sa ake samun sunan mutum sau biyu a littafin adireshi. Mai PDA ya san sarai inda kwafin bayanansa yake: a kwamfutar da ke kan teburinsa, a ɗakin da makullinsa ke hannunsa. Ya kuma san in ya yi sakaci, shi zai kwana a ciki. Ina tambayar ɗaliban da ke nan: in wayarka ta faɗa rijiya yau, ka san inda lambobinka suke? Ka tuna kalmar sirrin asusun da yaron shagon waya ya buɗe maka ranar da ka saye ta?

Akwai kuma ɓangaren nishaɗi da burga. Daga Palm III ta 1998 aka sa mata irin hasken nan da ido ba ya gani, wanda rimot ke aiki da shi. Mutum biyu suka haɗu a taro, sai su saita kawunan na'urorinsu, ɗaya ya danne maɓallin adireshi, katinsa ya tsallaka zuwa ta ɗayan. Haka ake musayar wasanni da ƙananan manhajoji. Palm V ta 1999, siririya mai jikin alminiyam da batir na caji, a kan dala 449, ta zama kayan ado na manyan ma'aikata, ana ajiye ta kan teburin taro don a gani. Wata manhaja mai suna AvantGo takan kwaso shafukan jaridu lokacin da na'urar ke kan mazauninta, mutum ya karanta a jirgin ƙasa ba tare da intanet ba. Musulmi sun sami manhajojin lokutan salla da na Alƙur'ani. Kasuwa ta yi zafi har a watan Maris na 2000, ranar da aka fara sayar da hannun jarin Palm, darajarsa ta zarce ta uwar kamfaninsa 3Com, abin da masana tattalin arziki ke buga misali da shi har yau in ana maganar haukan kasuwa. A shekarar ne kuma Compaq ya fito da iPAQ mai allo mai launi da manhajar Microsoft, wadda ta fi kyan gani amma batirinta ba ya jimawa.

Waɗanda suka fi cin moriyarta a ganina su ne masu aiki a tsaye. Likitoci a Amurka sun rungume ta saboda manhajoji irin su Epocrates, inda likita zai duba adadin magani da wanda bai kamata a haɗa shi da shi ba yana tsaye a bakin gadon majiyyaci. A Yuganda, daga 2003, ƙungiyar SATELLIFE da abokan aikinta na ƙasar, da tallafin Kanada, sun raba wa ma'aikatan lafiya na gundumomin Rakai da Mbale irin waɗannan na'urori. Ma'aikaci ya cike rahoton cututtuka a kai, ya haska shi zuwa wani akwati da ke asibitin, akwatin ya aika ta layin wayar salula, ya kuma karɓo masa sababbin bayanan magani. Wanda ya fi burge ni shi ne na Afirka ta Kudu. Louis Liebenberg ya yi shekaru tare da mafarautan Kalahari masu bin sawun dabbobi, mutanen da suka san daji ciki da bai amma yawancinsu ba su yi boko ba. A tsakiyar shekarun 1990 shi da wani mai rubuta manhaja suka yi CyberTracker, wadda hotuna ne zalla: ka taɓa hoton dabba, ka taɓa abin da take ci ko take yi, na'urar gano wuri ta ɗauki inda kake. Da ita masu bin sawu a gandun dajin Karoo suka tattara bayanan abincin baƙin karkanda, har aka buga sakamakon a mujallar masana da sunayensu a jerin marubuta. Duk wanda zai yi wa manomi ko makiyayi ko ungozoma manhaja a ƙasar nan, ya kamata ya san wannan labari.

A nan gida PDA ba ta yi kasuwa ba, kuma dalilan a fili suke. Dala 449 a 1999 ta haura naira 40,000, alhali mafi ƙarancin albashi da aka kafa a 2000 naira 5,500 ne, kun ga albashin wata bakwai bai saye ta ba. Tana kuma buƙatar kwamfutar tebur da wutar da za a kunna ta. Saboda haka sai a hannun ma'aikatan banki, da likitoci, da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, da wanda ɗan'uwa ya kawo wa tsaraba daga waje. Mai rubuta Hausa kuma yana da ƙarin ciwon kai, domin babu ɓ da ɗ da ƙ a cikin haruffanta. Sannan a watan Agustan 2001 wayar salula ta shigo Nijeriya, Nokia ta zama littafin adireshin talaka da agogonsa da kalkuletarsa, wata ma har da tocila. Mu mun tsallake wannan mataki ne kusan gaba ɗaya. Abin da ya fi kusa da shi da muka sani da yawa shi ne BlackBerry na kamfanin Research In Motion na Kanada, wanda ya fara a 1999 a matsayin na'urar saƙon imel, ya zo ya mamaye samari da 'yan matanmu bayan shekara goma, lokacin da tambayar lambar fin ta BlackBerry ta zama gaisuwa.

Ƙarshenta bai zo da mamaki ba. Mutum ya gaji da ɗaukar na'ura biyu, yana duba lamba a ɗaya yana bugawa a ɗaya. Hawkins da abokan aikinsa, da suka fita suka kafa Handspring a 1998, su da kansu suka haɗa PDA da waya a Treo ta 2002. Manhajar Psion ta rikiɗe ta zama Symbian da ke cikin manyan wayoyin Nokia. A Janairun 2007 Steve Jobs ya nuna iPhone, ya yi wa alƙalamin roba shaguɓe a kan dandamali, ya ce yatsa ya isa. Kamfanin HP ya sayi abin da ya rage na Palm a 2010 a kan dala biliyan 1.2, shekara ɗaya bayan nan ya daina ƙera na'urorin.

Ba na cikin masu cewa komai na da ya fi. Wayar da ke hannunku ta fi PDA ta kowace fuskar ƙarfi, kuma ba wanda zai yarda ya koma allon toka da tsoron mutuwar batir. Amma akwai abu ɗaya da aka yi asararsa a hanya, kuma na ga ba a cika faɗarsa ba. PDA ba ta kiran mai ita sai a kan abin da shi ya ce ta tuna masa. In ta yi ƙara, alkawarinka ne ya gabato, kai ka sa shi da hannunka. Babu talla a cikinta, babu wanda ke samun kuɗi da daɗewarka kana kallon allo, domin kamfani ya riga ya karɓi kuɗinsa ranar da ka saya. Mutum kan zaro ta, ya duba, ya mayar cikin daƙiƙa kaɗan, kuma masu ƙera ta da wannan gajartar suke auna nasararsu. Yau kuwa da yawan manhajoji da tsawon zamanka a cikinsu ake auna su. Ka ɗauko waya don duba lamba ɗaya, ka farga rabin sa'a ta wuce, lambar ma ba ka duba ba. Na san a zauren nan akwai wanda hakan ke faruwa da shi yanzu haka, Allah ya sa dai laccar yake rubutawa.

Saboda haka ɗalibai, musamman masu shirin aikin kammala karatu, ga roƙona. Kafin ka rubuta layi ɗaya na manhaja, zana ta a kwali ka kai wa wanda kake cewa don shi kake yi, mai kanti ne a Kantin Kwari ko ma'aikaciyar asibitin ƙauye, ka tsaya ka ga inda yatsansa zai tsaya yana laluben hanya. Ƙirga taɓawa nawa ke tsakaninsa da abin da ya zo nema, ka rage. Ka tabbata tana aiki inda babu sabis, tana karɓar haruffanmu masu lanƙwasa, kuma mai ita zai iya fitar da bayanansa ya ajiye a inda ya ga dama ba sai ya nemi izininka ba. Sauran jama'a kuma, kafin ku kwanta yau, kowa ya binciki inda kwafin lambobin wayarsa yake, ya rubuta kalmar sirrinsa ya adana a gida.

Shugaban taro, a nan zan dakata domin a samu lokacin tambayoyi.